Mai Dogon Hannu

A tsibirin Chiloé, inda ruwan sama
ba ya neman izinin kowa,
kakana Eleuterio jiragen kamun kifi yake sassaƙawa.
Yatsunsa bakwai ne.
Zarto ya ci biyu, igiyar taru ta tafi da ɗaya.

Shekarar da ƙasa ta girgiza
gicciyen majami'armu ya faɗo, ya dare gida uku.
Aka zagaya da faranti, aka ƙirga,
abin da aka tara ko kuɗin ƙusa bai kai ba.
Sai idanu suka koma kan tsohon.
Ya ce, ni haƙarƙarin jirgi na sani,
ban san na Ɗan Allah ba.
Aka ce masa, rashin uwa ake uwar ɗaki.

Wata huɗu yana rumfa
da ragowar katakon jirgin Baldomero.
Ran da aka yaye bargon da ya lulluɓe aikin
majami'a ta yi tsit, sai tarin wata tsohuwa.
Ƙirjin kamar kwalekwalen da aka kife a gaɓa,
ga ƙullin itace a kunci, baƙi ƙirin,
hannun hagu kuwa ya ɗara na dama
da kusan taƙi guda.

A garinmu in an ce dogon hannu, ɓarawo ake nufi.
Yara suka samu abin yi.
Ni da nake da i'ina,
kafin in haɗa kalmar da zan rama
sun kai bakin teku suna dariya.
Na ji kunyar kakana. Na daɗe ina jin ta.

Bayan shekaru aka kawo mana Fada Anselmo,
matashi, mai tsabtar takalmi.
Ya nuna hoton wani da za a saya daga Santiago,
sumul, fari tas, komai daidai wa daida.
Kawuna suka fara gyaɗawa.

Sai Herminda Barría ta miƙe daga bencin ƙarshe,
can bakin ƙofa, inda iska ke shigowa.
Nan take zama tun da ta fito daga gidan yari
a kan tumaki biyu na maƙwabcinta.
Ta ce, Fada, ɗauko igiya
ka auna daga bagade zuwa inda nake.
Hannun da yake daidai ba zai iso nan ba.
Tsakanin irina biyu ya mutu,
ya san nisan da muke zama.

Ba wanda ya amsa.
Fada ya dubi takalminsa,
ya ninke hoton, ya sa a aljihu.

Da na so a ce da gangan kakana ya yi.
Na tambaye shi yana kwance, numfashi yana yi masa gardama.
Ya yi dariya har ya sarƙe.
Ya ce, ina! Da taƙi na auna, 'yar nan.
Ɓangare guda da hannu mai lafiya,
ɗayan da dungun.
Sai da aka rataye shi na gani,
na yi kwana uku ban ci dankali ba.

Ashe kuskure ne tsagwaronsa.
Alheri ne ya zo wucewa, ya tarar da ƙofa a karkace,
ya shiga a hakan.

Yanzu ni ke karatu ranar Lahadi.
Harshena yana tuntuɓe kan kowane suna,
jama'a suna jira, ruwa yana dukan rufi.
Herminda ta rasu, bencinta bai rasa mai zama ba.
Duk shekara kafin Ista
nakan hau tsani da tsumma da man shafe katako,
hannun hagun yakan sha fiye da rabonsa.